Amshin da Rhoda Purkiss Ta Bari

Yayata Rhoda Purkiss ta yi shekara goma sha uku tana hawa dandamali a gidajen waƙa na kudancin Landan. Yau idan ka ambaci sunanta a unguwarmu Bermondsey, sai dai tsofaffi irina su ɗaga kai su ce, "Au, mai tantabara?" Ni ce Edie, ƙanwarta. Shekara uku ta ba ni, kuma ni nake ɗaukar mata kwandon kaya, in ɗaure mata riga a bayan labule, in sha zaginta idan igiya ta tsinke.

A lungun bayan majema aka haife mu. Babanmu majemi ne, mu kuma tun muna ƙanana aka zaunar da mu figar fatun zomo a ɗaki, mu da mamarmu. Gashin nan mai laushi yana tashi ya shiga shayi, ya shiga burodi, ya shiga ƙirji. Duk matan lungunmu da tari suke tsufa, waɗanda suka samu tsufan ke nan. Rhoda tana figa tana waƙa, tana kwaikwayon matar mai gida da limamin coci, har mamarmu ta jefe ta da fata ta ce ta rufe baki kafin gashi ya cika shi. Ba ta rufe ba. Tana da shekara goma sha takwas ta shiga gasar sababbin mawaƙa a zauren bayan wata mashaya, aka jefi waɗanda suka riga ta da ruɓaɓɓen kabeji, ita kuwa aka hana ta sauka.

A sana'ar nan waƙa sayenta ake yi. Ka saya wajen marubuci, ta zama taka kai kaɗai, ba mai hawa dandamali da ita sai kai. Rhoda ta sayi tata wajen wani tsohon marubuci da giya ta gama da shi, kuma waƙar nan guda ita ta ciyar da ita har ƙarshe. Labarin wata mata ce da mijinta ya fi son tantabarunsa a kanta. Ga amshin:

Tantabara ta dawo gida,
Mai ita bai dawo ba,
Ita da fiffike ta gane hanya,
Shi da ƙafa bai gane ba.

Ban taɓa jin Rhoda ta rera amshin nan da bakinta a kan dandamali ba. Sauran mawaƙa sukan yi na farko, su bar wa jama'a na biyu. Ita ko na farkon ba ta yi. Da ta kai ƙarshen baiti sai ta tsaya cak, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ta sa ɗayan a bayan kunne, mai fiyano ya ci gaba da bugawa, 'yan kallo na benen sama su ɗauka. Idan suka yi sanyi sai ta ɗaga kai ta ce, "Ku na sama, ɗinke muku baki aka yi? Ba na ji!" Sai ka ji gini yana rawa. Abin da mutane suke biyan kuɗin ƙofa su zo yi ke nan, su ji muryarsu da kansu, kuma ita ta san haka sarai.

Mijinta Walter ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Ya faɗa cikin rumbun wani jirgi ya karye wuya, 'yarsu Ivy tana da shekara ɗaya. Yarinyar ta tashi da waƙar a kunne. Tana da shekara huɗu, idan uwar tana wanki ta ja baiti ta sa jiƙaƙƙen hannu a bayan kunne, sai Ivy ta hau kan kujera ta tsala amshi, rabin kalmomin ma ba ta iya furtawa ba. Rhoda ta ce duk Landan ba ta da 'yar amshi kamar ta.

A shekarar 1900 tarin ya kayar da Rhoda, aka kwantar da ita a asibitin gidan gajiyayyu wata huɗu. Ni lokacin 'ya'yana uku, ɗaki ɗaya, mijina ba aiki. Wata mata mai safar hannu, irin masu yawon taimakon talakawa, ta zo ta zauna a bakin gadona tana toshe hanci da hankici, ta ce akwai gidan marayu mai tsabta da zai riƙe Ivy har uwarta ta warke. Rhoda ta sa hannu a takarda cikin zazzaɓi, ba ta san abin da ke ciki ba. Ni na san karatu, amma ban karanta ba. Ni na riƙe hannun yarinyar na kai ta har ƙofa, na ce mata za ta ci burodi da man shanu. Wannan abu yana cina har gobe.

Da Rhoda ta fito ta je karɓar 'yarta, aka ce mata macen da ke waƙa a gaban mashaya ba uwar da za a danƙa wa yarinya ba ce. Ta yi rantsuwa, ta yi roƙo, ta fasa musu gilashin taga, aka kira mata ɗan sanda. Suka mayar da Ivy wani gidansu na ƙauye mai nisa. Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo cewa an tura ta Kanada tare da wasu yara, za a ba ta ga mutanen kirki masu gona. Ranar da wasiƙar ta iso hannunmu jirgin ya kwana tara da tashi. Haka suke yi da gangan, don kada iyaye su je tasha su tayar da hankali.

Rhoda ta koma dandamali, don ciki ba ya jira. Tana wasa da jama'a kamar da, amma muryar ta fara tsagewa, kuma likitan asibitin ya riga ya gaya mata ciwon ya hau maƙogwaro.

A lokacin ne masu ɗaukar murya suka fara bin mawaƙa. Faifan garmaho bai yaɗu ba tukuna, a kan kaki irin na kyandir ake ɗauka, wanda aka mulmula kamar kofi marar gindi. An taɓa yi wa Rhoda tayi shekarun baya ta ƙi. Ta ce, "In sun same ni a gwangwani, wa zai fito cikin ruwan sama ya zo kallona?" Amma wata rana Mista Jabez Cottle, tsohon da ya shekara takwas yana buga mata fiyano, ya ce yana aikin rana a wani ƙaramin kamfanin ɗaukar murya a ƙetaren kogi, kuma suna neman waƙoƙi. Sai ta ce, "Jabez, abin nan ana iya sa shi a akwati a aika da shi ta jirgi?" Ya ce ana yi. Ta juyo ta ce mini, "Ke Edie, goge mini jar rigar nan."

Na ce, "Yaya, ba a ganin riga a ciki fa."

Ta ce, "Ni zan san na sa ta."

Da safe muka je, cikin watan Fabrairu na 1903. Hawa huɗu ne, kuma a kowane hawa sai ta tsaya ta riƙe bango. A kan matakalar akwai mawaƙa uku suna jiran layi. Ɗakin kuwa zafi kamar gidan burodi, don sai da zafi kakin yake laushi. An ɗora fiyano a kan akwatuna an cire masa baya, Jabez yana can sama kamar direban keken doki. Daga cikin wani labule ƙaton mazurari na kwano ya leƙo, bakinsa daidai fuskar mutum. Mai aikin, Mista Wragg, siririn mutum ne mai gajiyayyun idanu. Ya ja layi da alli a ƙasa ya ce ƙafarta kada ta wuce nan, fuskarta kada ta bar bakin mazurarin, minti biyu kaɗai kakin yake ɗauka, kuma kowane mawaƙi kaki uku ake ware masa. Ya dafa kafaɗarta ya ce idan za ta ɗaga murya zai ja ta baya, idan ta sassauta zai tura ta gaba.

Rhoda ta kalli hannun ta ce, "Mista Wragg, tun da mijina ya mutu ba namijin da ya riƙe ni haka. Ka yi a hankali, kada ka jawo wa kanka aure."

Bai yi dariya ba. Ina jin ya ji irinta sau ɗari.

A kaki na farko ba ta kai layi uku ba ƙafarta ta motsa da kanta. Ta juya tana taku irin na dandamali, tana yi wa bango fari da ido, muryar ta tafi taga. Mista Wragg ya tsayar da inji. A na biyu ta tsaya ƙyam kamar soja, amma kafin ƙarshen baitin farko tari ya sarƙe ta. Na miƙa mata hankici, ta dunƙule shi da sauri ta cusa a hannun riga, amma na riga na ga jinin. Ta sha ruwan ɗumi, ta zauna minti biyar idonta a rufe. Mista Wragg ya ce saura ɗaya.

Kuskuren da ya biyo baya namu ne mu uku, ni da ita da Jabez. Sau biyun nan ba ta kai amshi ba, don haka Mista Wragg bai san yadda take yi ba. Mu kuma da muka sani, ko a ranmu bai zo ba cewa a ɗakin nan babu 'yan benen sama. A wurinmu tsayawar nan ita ce waƙar. Ba wanda ya ce mata, "Yau ke za ki yi amshin."

Mista Wragg ya sa baki a mazurari ya faɗi sunan waƙa da sunanta, kamar yadda ake yi a farkon kowane kaki, ya matsa. Wallahi ban taɓa jin ta yi baitin farko kamar na ranar ba. Ban san inda ta samo muryar ba. Ta kai ƙarshen baiti, ta tsaya, ta riƙe ƙugu, ta sa hannu a bayan kunne. Jabez ya ci gaba da buga amshi shi kaɗai. Mista Wragg ya zaro ido, yana matsa kafaɗarta, yana juya hannu a iska, amma ba halin magana, don duk abin da ya faɗa kakin zai ɗauka. Ita kuwa fuskarta tana cikin mazurari, ba ta ganin kowa. Ta shiga baiti na biyu, ta gama, ta sake tsayawa. Fiyano ya yi layi biyu na amshin, sai ta matsa har goshinta ya taɓa kwanon ta ce da ƙarfi, "Ivy! Ɗaga murya, 'yar nan, ba na ji!"

Da inji ya tsaya Mista Wragg ya ce, "Misis Purkiss, wa zai sayi shiru? Kusan rabin kakin fiyano ne kawai. Kuma wace ce Ivy?"

Jabez ya sauko ya yi masa bayani a kunne. Mutumin ba mugu ba ne. Ya shiga bayan labule ya fito da kaki na huɗu, ya ce ta sake, ta rera amshin da kanta, ta bar kiran suna. Rhoda ta koma kan layin alli, ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Daga ranar har ta mutu raɗa take yi, sai ka kai kunne kusa da bakinta.

Kakin da bai yi ba kankare shi suke yi a sake amfani da shi. Na ga Mista Wragg ya nufi injin kankarewa da kaki na uku, na tare hanya na ce sai dai ya kankare ni tare da shi. Ya dube ni, ya dubi Rhoda da ke zaune tana haki cikin jar riga, sai ya naɗe shi da auduga ya sa a kwali ya ba ni. Ya ce wannan ɗanyen kaki ne, ba irin na sayarwa ba, duk sawa allura tana cin sa, sau biyu ko uku muryar za ta tafi. Ya ce kada ya ji zafi, kada ya ji laima. A hanya na ce mu nemi mai inji ta ji kanta ko sau ɗaya. Ta girgiza kai ta raɗa mini, "Na Ivy ne."

Washegari na kai shi ofishin gidan marayun. Matar da ke kan tebur ta ce ba sa ba da adireshin yara. Wasiƙa suna karɓa, su karanta, in ta dace su tura. Da na faɗi abin da ke cikin kwalin sai ta ture shi da bakin alƙalami ta ce daga irin wannan rayuwar aka ceci yarinyar, ba za su bi ta da ita har Kanada ba. Abin da na faɗa mata ba zai rubutu ba. Na fito na zauna a bakin kogi har ƙafafuna suka sandare, sannan na je gida na ce wa Rhoda sun karɓa, jirgin ranar Alhamis zai tafi da shi.

Ta yarda. Wata tara tana jiran amsa. Duk ranar da na je duba ta a asibiti sai ta jawo wuyan rigata ta raɗa, "An rubuto?" Ni kuma in ce Kanada da nisa, in ce ƙanƙara ta rufe hanya, in ce yarinya ba ta iya rubutu ba tukuna. Ta mutu a watan Nuwamba tana da shekara talatin da biyu, kwalin yana kan kabad ɗina cikin tsohuwar safa.

Shekara goma sha shida ina yawo da shi, ƙaura biyar, kuma duk ɗakin da muka shiga bangonsa yana tsatsar ruwa. Ban taɓa sa shi ba.

A bazarar 1919, bayan yaƙi, wata doguwar mace ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce, "Ke ce Misis Tapp?" Tapp sunan mijina ne. Haɓar Rhoda ce a fuskarta. Ta zo Ingila ne wajen mijinta, sojan Kanada da ke kwance a asibiti, kuma da yake ta girma ofishin gidan marayun ya ba ta sunana. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya, ta ƙi cire hula. Yatsu biyu na hannun hagunta guntaye ne, sanyi ya cinye su tana da shekara tara, wajen tatsar shanu da asuba. Ta faɗi haka ba tare da ta canza murya ba. Mutanen gonar ba sa yarda da kowace waƙa sai ta coci. Landan kuwa ba ta tuna komai, sai wani wari da ta ce ta gane da ta shigo lungun. An gaya mata uwarta 'yar mashaya ce da ta ba da ita don ta huta.

Ta ce, "Abu ɗaya na zo tambaya. Gaskiya ne?"

Na ce, "Ƙarya ne. Ni na kai ki, da hannun nan. Uwarki tana kwance ba ta san inda kanta yake ba." Na ga maganata ba ta shige ta ba, kuma me zai sa ta yarda da matar da ta kai ta? Sai na hau kujera na sauko da kwalin.

Irin injin ya riga ya zama tsohon yayi, sai a shagon gwanjo na samo aro ranar Lahadi da rana. Da na buɗe audugar sai na ga fumfuna ta yi wa kakin fari-fari a wurare. Na sa shi, na wana inji, na sauke allura. Aka yi ta shuu kamar ana soya abu, sai muryar Mista Wragg, sai fiyano, sai ga Rhoda, 'yar siririya, kamar daga ƙarshen lungu. Ni na riƙe baki. Ivy kuwa tana zaune, ba abin da ya motsa a fuskarta. Da aka zo amshin farko muryar ta ɗauke, ta ce, "Ya lalace ne?"

Na ce, "A'a. Jira take a amsa mata."

Fumfuna ta ci rabin baiti na biyu. Fiyano ya sake shiga amshi, layi ɗaya, layi biyu, sai muryar ta fito tar, ta fi ko'ina fita, don a nan ne ta matsa jikin kwanon: "Ivy! Ɗaga murya, 'yar nan, ba na ji!"

Jakar ta faɗi ƙasa. Ta miƙe ta damƙi hannuna ta ce, "Anti, me ake cewa? Me zan ce mata?" Ni da na ji amshin nan sau dubu, ko kalma ɗaya ta ƙi zo mini. Allura ta kai ƙarshe.

Da na dawo hayyacina na rubuta mata layi huɗun a bayan takardar shayi, na koya mata karin da wannan muryar tawa ta tsohuwa. Na gaya mata abin da Mista Wragg ya ce, cewa watakila sau ɗaya ya rage. Ta cire hula. Ta tsaya a gaban injin da takarda a hannu, muka yi ta maimaitawa har ta ce ta iya.

A karo na biyu baitin farko da ƙyar ake jin sa. Amshi ya zo ta shiga a makare, da murya irin ta coci, a hankali, tana bin takarda da guntun yatsa. A amshi na biyu ta shiga daidai. Tana tsakiyar rerawa, bakinta a buɗe, uwarta ta ce mata daga cikin kakin ta ɗaga murya, ba ta ji. Ivy ta yar da takardar ta kama bakin mazurarin da hannu biyu ta kurma sauran layi biyun a ciki, har maƙwabciyata ta buga bango.

Ta ce in sake sawa. Na sake. Shuu ɗin ne kawai, da ɗan fiyano can ƙasa. Ta tsaya da kunnenta a bakin mazurarin har allura ta kai ƙarshe, sannan ta ɗago ta ce, "Ba ta ji ba, Anti."